Dan Allah ku ba ni sunayen tsofaffin finafinan barkwanci da mace ke jan ragama

Maman Husna: Salamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema dan Allah. Hutun nan yaran yayata da nawa duk suna gidana, yawancinsu ƴan mata ne, daga ƴar aji ɗaya na sakandare har masu jiran shiga jami'a, kuma da daddare in an kawo wuta mukan zauna mu kalli fim tare. Na gaji da na yanzu wlh. Ina son tsofaffi na ban dariya, amma wanda macen ciki tana da bakin magana, ba wadda aka ajiye don kwalliya ba ko matar gida mai masifa da taɓarya a hannu. Na Turawa, na Indiya, na ko'ina ma in dai akwai fassara a ƙasa. Kuma in da hali kar ya zama kowa fari ne sai baƙi ɗaya tilo, shi ma tire yake ɗauka.

Baffa Plaza: Wa alaikumus salam Hajiya. Ki fara da Seeta Aur Geeta na 1972, ba sai kin yi dogon bincike ba. Hema Malini ce ta fito a tagwaye, ɗaya saliha ana gana mata azaba a gidan matar kawunta, ɗaya kuma ƴar wasan kan igiya a titi, idonta a tsaye, sai ƙaddara ta musanya su. Wurin da ta haye kan fankar silin a ofishin ƴan sanda kaɗai ya isa yaran su yi dariya har da hawaye. Dharmendra da Sanjeev Kumar suna ciki amma gaskiya rakiya suka yi mata, fim ɗinta ne, har kyautar Filmfare ta ci da shi. Kafin shi Dilip Kumar ya yi irin labarin a Ram Aur Shyam 1967, da aka mayar da shi na mace sai ya fi armashi, don namiji ya rama duka ba wani abin mamaki bane, amma ranar da Geeta, ƴar titin, ta karɓe bel ɗin nan ta juya shi a kan mai dukan, sinima sai da ta ɗauki ihu.

Ummu Sadiq: Baffa ya riga ni. Ki haɗa da ChaalBaaz 1989, labarin ɗaya ne amma Sridevi ce, kuma ni a wajena babu macen da ta kai ta iya ban dariya da fuska kawai a duk Indiya. Sai dai ɗayar tagwayen tana shan giya, in kina da tsauri ki sani tun yanzu.

Yar Gwammaja: Khubsoorat!! Na 1980 fa, na Rekha, ba wanda aka sake yi daga baya ba. Ta je gidan surukan yayarta ta tarar uwar gidan ta kafa doka, cin abinci da lokaci, magana da lokaci, dariya ma sai an waiwaya, ita kuma ta ce bata san zance ba. Abin da ya burge ni rigimar duk tsakanin mata biyu ce kuma ba a kan namiji ba, a kan yadda za a tafi da gida ne, kuma ba a mayar da tsohuwar muguwa ba, a ƙarshe za ki gane tana da nata dalilin. Babu abin da za ki rufe wa yara ido a ciki.

Malam Laburare: Tunda an buɗe da Indiya bari in ja ku Amurka. Mutane suna ɗauka duk yadda fim ya tsufa haka macen ciki take ƙara zama ƴar kallo, alhali finafinan barkwanci na shekarun 1930 da 1940 sun fi da yawa daga na 1980 ba mace fili. His Girl Friday na 1940 ki nema, Rosalind Russell ce ƴar jarida, tsohon mijinta Cary Grant shi ne editanta, tana shirin barin aiki ta sake aure shi kuma yana ta ƙulle-ƙulle don ya san duk gidan jaridar babu kamarta. A asalin wasan daɓen, The Front Page na 1928, ɗan jaridar namiji ne, darakta Howard Hawks ne ya mayar da shi mace. Yana YouTube kyauta don haƙƙin mallakarsa ya faɗi tuntuni. Gargaɗi ɗaya, maganarsu da sauri take, suna hawa kan zancen juna, dole ki kunna rubutu a ƙasa. Sai Adam's Rib 1949, miji da mata duk lauyoyi, wata mata ta harbi mijinta da ta kama yana cin amanarta, Spencer Tracy ne mai gabatar da ƙara, matarsa Katharine Hepburn ce mai kare wadda ake tuhuma, da rana a kotu da dare a gida ɗaya. Mace na cikin waɗanda suka rubuta shi, Ruth Gordon, ita da mijinta.

Anti Bilki: Malam na kalli His Girl Friday ɗin nan kuma ya ban haushi a ƙarshe gsky. Duk wayonta da bakinta ta koma wa mutumin da ya sa aka kulle wanda za ta aura ba sau ɗaya ba, kuma suna fita ita ce ɗauke da akwati. Haba.

Malam Laburare: Anti ai wannan ita ce cutar kusan dukkansu, a sake ta ta yi ta tsere awa ɗaya da rabi, minti biyar na ƙarshe a ja linzami. Ni dai ina kallon awa ɗaya da rabin ne. Kuma ƴan matan ma gara su gani su yi musu a kai.

Zee Kaduna: To amma sharaɗi na biyu na Maman Husna fa? Don duk waɗannan na Malam fari ne fat. His Girl Friday ma in kun lura wanda aka kashe a labarin ɗan sanda ne baƙar fata, ba a taɓa nuna shi ba ko sau ɗaya, ana ambatonsa ne kawai saboda magajin gari yana son ƙuri'ar baƙaƙe. Kuma ba wai mantuwa aka yi ba, doka ce. Dokar tace finafinai ta Hays da aka fara tsaurarawa a 1934 ta hana nuna soyayya tsakanin fari da baƙi, sai 1956 aka cire wannan sashen. To fim ɗin barkwanci na lokacin kusan duk soyayya ce, in an ce ba ki da damar zama wadda ake so me ya rage miki, kicin. Baƙaƙen ƴan wasa irin su Hattie McDaniel da Louise Beavers duk sun iya ban dariya sosai amma ƴar aiki, ƴar aiki, ƴar aiki. Ko Mae West da ake yabo, wadda ita take rubuta maganganunta da kanta a I'm No Angel 1933 tana juya maza yadda ta ga dama, ki duba su waye ke gyara mata farce suna mata dariya, baƙaƙen ƴan aiki ne. Ƴancin mace ɗaya ne, sauran suna tsugune a gabanta. Baƙar mawaƙiya Lena Horne kuwa a finafinai da dama waƙa kawai ake bata ita kaɗai ba ta haɗu da labarin ba, yadda in an kai jihohin kudancin Amurka za a iya yanke wurin ba a rasa komai ba.

Maman Husna: Ikon Allah. To Zee ba ni wanda ya tsallake.

Zee Kaduna: Sai kin gangaro 1970 da wani abu Anti. Claudine 1974, Diahann Carroll uwar yara shida a Harlem tana aikatau a ɓoye saboda kar jami'ar tallafin gwamnati ta sani, ta haɗu da mai kwasar shara James Earl Jones. Eh ita ma ƴar aiki ce amma wannan karon kyamara ta biyo ta gida, labarinta ne, dariyar kuma a kan tsarin gwamnati take, duk lokacin da jami'ar ta ƙwanƙwasa ƙofa sai yara su hau ɓoye kayan gida. Har an sa ta a takarar Oscar. Na manyan ƴan matan ne dai, banda ƙananan.

Abba Injiniya: Coming to America mana! 1988, kusan kowa baƙi ne, kuma Lisa, wadda yariman Afirkan ke so, ba kanwar lasa bace, ita ta ƙi ɗan masu kuɗi.

Anti Bilki: Abba wane Coming to America, wanda aka sa amaryar Afirka tana haushin kare tana tsalle da ƙafa ɗaya? Mace mai hankali sai an je Queens ta New York, ta gida kuwa "duk abin da kake so shi nake so". Ga giwa na yawo a tsakar gida. Ina son fim ɗin, na haddace rabinsa, amma ba shi ake tambaya ba. Kuma akwai wurin wanka tun a farko, da yara a falo sai dai ki riƙe rimot.

Abba Injiniya: Hhhh Anti ai da gangan aka yi, ana nuna abin da yariman ya guda ne

Anti Bilki: Na sani ƙanina, amma wa aka yi wa dariyar? Ita.

Basakkwace: Ku dakata ku ji wanda munka tashi da shi, The Gods Must Be Crazy, mai kwalbar Coke da ta faɗo daga jirgi. Babu gidan da ba a kalle shi ba zamanin bidiyo mai kaset. Sai da na girma na sake kallo na ji muryar mai bayanin nan, yana magana kan mutanen Kalahari awa shirin namun daji. A 1980 anka yi shi, Bature ɗan Afirka ta Kudu Jamie Uys, lokacin wariyar launin fata na kan ganiyarta amma ko alamarta babu ciki, baƙaƙen da ke da gwamnati da bindiga kuwa duk sakarkaru anka maishe su. Malamar makarantar ma rabin ban dariyarta rigarta ce ke maƙalewa ga icce. Ban ce kar a kalla ba, N!xau, wanda ya tsinci kwalbar, ya iya wasa ƙwarai, amma in za ki sa ma ɗiyanki ki zauna kusa ki yi musu bayani.

Hajiya Ofis: Ba wanda ya ambaci 9 to 5?? 1980 shi ma. Jane Fonda, Lily Tomlin, Dolly Parton, mata uku a ofis ɗaya da oga mai satar basirar ɗaya yana kaiwa sama da sunansa, yana bin ɗaya da maganar banza har ofis ya ɗauka da gaske ne aka tsane ta. Suka ɗaure shi a gidansa suka ci gaba da tafiyar da ofis da sa hannunsa, suka kawo wurin renon yara, suka sassauta lokacin zuwa aiki, suka daidaita albashi, aiki ya ƙaru har shugaban kamfani ya zo yabo, ya yaba komai ya ce amma maganar albashin nan a cire ta. Wannan wurin wlh duk macen da ta taɓa aikin ofis sai ta yi dariyar takaici. Daga ƙorafin wata ƙungiyar sakatarori mata ta Boston aka samo labarin, kuma a shekarar Star Wars na biyu ne kawai ya fi shi kawo kuɗi a Amurka, don haka masu cewa fim ɗin mata baya ciniki sai su nemi wani zancen. Akwai wurin da suka sha wiwi, ki tsallake shi in kin ga dama, amma a nan ne kowacce ke mafarkin yadda za ta yi da ogan.

Ɗan Maraɗi: Ina gaida mutanen Najeriya. Ku kullum Indiya da Amurka, ku leƙo wajenmu mana. Bal Poussière na Henri Duparc, Kodebuwa, ƙarshen shekarun 1980. Wani mai kuɗin ƙauye da ke kiran kanshi Demi-Dieu, wai rabin ubangiji, wa'iyazu billahi, yana da mata biyar ya ce sai ya cike shida, kowace da ranarta, Lahadi kuma ta wadda ta fi kyautatawa. Ya auro Binta ƴar lakwal daga Abijan, ita ko ta raba gidan biyu, masu sa rob da masu ɗaura zane. Matan ne ke da fim ɗin baki ɗaya. Amma na manya ne Hajiya, ke da yayarki in yara sun kwanta. Sai Xala na Sembène Ousmane, Senegal 1975, Alhaji ya yi ta uku da kuɗin da ba nashi ba daren farko ya tarar an ɗaure shi. Ɗiyarshi Rama ita ce mai hankalin gidan, yana yi mata Faransanci tana maida mishi da Wolof. Mu nan Nijar muna da F.V.V.A. na Moustapha Alassane 1972, sunan kanshi ya faɗi komi, a Faransanci haruffan farko ne na mace, gida, mota, kuɗi, an jera mace cikin kayan da namiji ke tarawa, kuma abin da fim ɗin ke yi wa dariya kenan.

Ummu Sadiq: Ɗan Maraɗi ina ake samunsu da fassarar Turanci? Mu Faransancinmu bai wuce bonjur ba

Ɗan Maraɗi: Xala yana da ita, shi ya zagaya duniya. Ki rubuta sunan da na Sembène tare.

Ɗan Mai Wurno: Daga Sudan nake gaisuwa. Mu na Masar muka taso da su. Akwai Mirati Mudir Aam na 1966, ma'ana matata ce babbar darakta, Shadia da Salah Zulfikar, an turo wa ma'aikata sabon shugaba sai ga shi matar ɗaya daga cikin injiniyoyin ce, suka ɓoye auren, abokan aiki na gulmarta a gabansa ya rasa yadda zai yi. Ba mai kala bane amma ba ya gundura, kuma tsaf yake, yara za su iya gani. Amma kan maganar Zee, Masarawa ma suna da nasu. A tsofaffin finafinansu in ka ga mutumin Nuba ko ɗan Sudan to mai gadin ƙofa ne ko kuku ko mai kawo shayi, da gurɓataccen Larabci. Ali al-Kassar ya yi shekaru yana fitowa a matsayin Usman Abdul Basit mutumin Nuba alhali shi ba Banube bane. Mu da ake kwaikwayon muna zaune muna kallo, wani lokaci har mu yi dariya, to ya za ka yi.

Baffa Plaza: Indiyawan ma ai haka. Padosan 1968, Mehmood ya fito a malamin kiɗa ɗan kudu, an aske masa kai an bar tukku, yana karya harshe, duk don ƴan arewacinsu su yi dariya. Tun Tun kuwa, baiwar Allah mawaƙiya ce tun asali mai murya, Uma Devi, amma da ta koma wasa ƙibarta kawai aka riƙe, ta shigo kujera ta karye, shikenan aikinta.

Yar Gwammaja: Har Mr. India da nake so, 1987, Sridevi ƴar jarida, wurin da ta yi shigar Charlie Chaplin a gidan caca ya fi komai a fim ɗin, amma a waƙar Hawa Hawai masu rawan bayanta an shafa musu baƙi a fuska. Su kuma Turawa sun yi musu nasu, Peter Sellers ya shafa ja ya zama Ba'indiye a The Party 1968, Mickey Rooney ya sa haƙoran roba ya zama ɗan Japan a Breakfast at Tiffany's 1961. Kowa da wanda ya raina.

Abba Injiniya: To mu fa? Naga kowa ya yi shiru da namu. Zamanin marigayi Ibro Allah ya jiƙansa ai ba a bar kowa ba, Bafulatani, Bagwari, Bayarabe, Ibo, Buzu mai gadi. Amma ni ina ganin namu daban ne, wasan barkwanci ne na gado, kamar Fulani da Barebari ko Kanawa da Zagezagi, ba ƙiyayya a ciki.

Zee Kaduna: Abba wasan Fulani da Barebari kowa yana da bakin ramawa, ka faɗa ya faɗa, a tashi a ci tuwo. A fim kuwa Bahaushe ne ya rubuta, Bahaushe ya sa kayan Bagwarin, Bahaushe ya saya ya kalla. Yaushe Bagwarin ya rama? Ni a Kaduna na tashi da su, ba duka ke jin daɗin abin ba.

Anti Bilki: Matan kuma a finafinan camama ai kashi biyu ne, budurwar da ake bi da matar da ake gudu. Marigayiya Daso Allah ya gafarta mata, ku tuna yadda take juya ido ta saki magana ɗaya falo ya fashe, wannan baiwa ce ba kowa ke da ita ba, amma nawa ne aka gina labarin a kanta daga farko har ƙarshe yadda ake gina wa mazan? Kullum kishiya ko uwar miji ko mai zuga. Kudu sun riga mu nan, Funke Akindele ta yi Jenifa a 2008 ita ce komai na ciki, kuma har yau tana cin abinci da sunan.

Malam Laburare: Tunda ana auna finafinai, akwai ma'aunin da wata mai zanen barkwanci Alison Bechdel ta fitar a 1985: a samu mata biyu a fim, su yi magana da juna, kuma zancen ba na namiji ba. Ku gwada shi a kan The Women na 1939 ku sha mamaki. Fim ne da babu namiji ko ɗaya da ya fito, mata sama da 100, Norma Shearer, Joan Crawford, Rosalind Russell, mata ne suka rubuta, amma daga farko har ƙarshe kusan duk zancen mijin wata ake. Ki sa musu shi dai Hajiya, Russell a matsayin magulmaciya ta isa kallo. Kuma in ana son wanda mace ta riƙe kyamara, Chashme Buddoor 1981 na Sai Paranjpye, samari uku ƴan haya a Delhi da yarinya mai tallan garin sabulu gida gida, Deepti Naval. Za ki ga bambanci, samarin ne abin dariya da ƙaryar da suke shararawa, ita kuwa mutum ce kawai mai aikinta.

Hajiya Ofis: Sister Act fa, ko 1992 bai tsufa ba? Whoopi Goldberg, baƙar mace ce kan gaba, sauran yawanci mata, har tsofaffi an ba su wurin ban dariya, soyayya ma babu.

Basakkwace: Ya tsufa mana, wanda anka haifa shekarar yanzu yana da ɗiya ga makaranta. Sai dai cikin coci a ka yin shi da waƙoƙinsu, wani gida ba za a so ba, kowa ya san gidanshi.

Ummu Sadiq: Ni tambayata ɗaya kafin caji ya ƙare, Seeta Aur Geeta ɗin akwai fassarar Hausa ko sai mai rubutu a ƙasa? Kakarsu ma tana son kallo kuma bata karatun boko.

Baffa Plaza: Ƴata kakarsu bata buƙatar fassara, mu da muka kalla a sinimar Plaza wa ya fassara mana? Ki kunna mata kawai, in Manorama, matar kawun, ta murguɗa baki ta zaro ido za ta gane muguwar da kanta. Ki nemi cikakken dai, ya haura awa biyu da rabi, akwai guntaye a YouTube da aka yanke wurin fankar.